Rantsuwar da Mashkura Ba Ta Yi Ba

SHAFI NA 38

Salamu alaikum mutanena. Masu bina har cikin waya da tsakar rana wai "Anti kin kashe mu da jira", to ga shi nan, amma ban yi wa kowa alkawarin dariya ba yau. Ke kuma da kika ce in ban mayar wa Mashkura 'yarta ba za ki fice daga zauren nan, ƙofa a buɗe take 'yar'uwa, ni ba alƙaliya ba ce, labari kawai nake ba ku yadda ya zo.

🥀🥀🥀

Tun da alƙalin babbar kotu ya fara karanta hukunci Mashkura ba ta kalle shi ba. Bayan lauyarta take kallo.

Barista Prudence mace ce da idan abu yana tafiya daidai ba ta zama wuri ɗaya, tana rubutu tana gyaɗa kai. Yau kuwa ta ajiye biro, ta haɗa hannuwanta a kan tebur, ko motsi ba ta yi.



Kusan rabin shekara ke nan rabonta da Hafsah, 'yarta tilo, abin da mijinta marigayi Aminullahi ya bar mata a duniya. Surukinta Alhaji Uthman na Maitama ne ya kai ta ƙaramar kotu, wai ta yi aure a ɓoye, don haka riƙon yarinya ya faɗi daga hannunta. Shaidarsa guda ɗaya, direbansa Ɗangoggo. Alƙali ya ce Mashkura ta ɗauki Alƙur'ani ta rantse ba ta yi aure ba. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Aka juya rantsuwa kan Alhaji, ya yi alwala ya rantse, aka ɗauki yarinya aka miƙa masa.

Yanzu kuma ƙarshen watan nan Fu'ad, ƙanen marigayi, zai koma ƙasar waje inda yake aiki, kuma da Hafsah zai tafi.

Wannan kotun ce kaɗai ta rage mata.

Alƙalin ya zare tabarau, ya bar Turancin littafi ya dawo wanda kowa zai gane.

"Na karanta duk abin da ya faru a ƙaramar kotu. Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya tsaya min a rai. Da ni ne a kan waccan kujerar, ban tabbata haka zan yanke ba."

Umma, mahaifiyar Mashkura, da ke gefenta tana jan carbi, ta zungure ta.

"Me ya ce?"

"Ya ce an yi kuskure, Umma."

"Alhamdulillahi! Allah Ka…"

"Umma ki yi shiru mu ji."

Alƙali ya ci gaba.

"Amma ba ɗaukaka ƙara aka yi gabana ba. Oda aka nema in rushe hukunci, ita kuwa wannan oda tana da iyakarta. Ina ba da ita idan kotu ta sa hannu a shari'ar da ba huruminta ba, ko ta hana mutum magana, ko ta yi kuskuren da yake a fili wanda ba sai an sake auna shaida ba. Riƙon yara hurumin waccan kotun ne. Ta saurari kowane ɓangare. An tambayi mai wannan buƙata, an sake tambayarta ko za ta rantse, ba ta ce komai ba. Ko alƙalin ya auna shaida daidai, ko bai auna daidai ba, ba ni ke da ikon faɗa ba. Wannan aikin kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ne. Ƙofarta a buɗe take a lokacin, ba a bi ta ba."

Ya mayar da tabarau.

"Na kori wannan buƙata."

"Kootu!" in ji ma'aikacin kotu da ƙarfi.

Kowa ya miƙe, ban da Mashkura.

🥀🥀🥀

A wurin ajiye motoci suka tsaya, ƙarƙashin wata bishiya da ba ta da inuwar kirki. Rana ta take, kwalta har wani turiri take yi. Barista ta cire baƙar rigar lauyoyi ta jefa a kujerar baya.

Umma ce ta fara.

"Ke 'yar nan, ki fahimtar da ni don Allah, ni ban yi boko ba. Shi da bakinsa ya ce an yi kuskure ko bai ce ba?"

"Ya ce, Mama."

"To babba ya ga ƙarami ya yi ɓarna, sai ya naɗe hannu ya ce ba ruwansa? Ina amfanin girman nasa?"

Barista ta sauke numfashi. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, amma ana ganewa tsaf.

"Mama, ba kowane kuskure yake da ikon taɓawa ba. Idan alƙali ya shiga gonar da ba nasa ba, wannan oda zai fitar da shi. Amma idan gonarsa ne ya yi shuka a karkace, sai dai a ɗaukaka ƙara. Ni na sani tun farko hanyan nan siriri ne. Na gaya muku. Na bi shi ne don kun zo min bayan lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce."

Umma ta san inda maganar ta dosa.

Ai su suka zauna ba su ɗaukaka ƙara ba. Ranar da aka karɓe Hafsah, Malam mahaifin Mashkura cewa ya yi babu mai sake taka kotu daga gidansa, ba a tsayawa da suruki gaban hukuma sau biyu, manya za su shiga a yi sulhu. Aka tura dattawa daga Gwagwalada har Maitama. Alhaji ya tarbe su da lemo da ruwa, ya ce a bari Salla ta wuce a duba. Aka yi Salla, aka ci nama ya ƙare, sannan aka gane ba abin da za a duba.

Mashkura ta ɗago, muryarta a dishe.

"Barista yanzu me ya rage?"

"Zan roƙi kotun ɗaukaka ƙara ya ba mu ƙarin lokaci. Za su tambaya me ya sa kuka yi jinkiri. Ko sun yarda, kafin a sa rana, kafin a kira ɗaya ɓangaren…"

"Wata nawa?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Da wuya a gama kafin ƙarshen watan nan."

"Ƙarshen wata zai tafi da ita."

"Na sani."

"Idan ya fita da ita shi ke nan fa, Barista."

"Na sani, Mashkura."

Mashkura ta jingina da motar, ƙarfen ya ƙone mata hannu amma ba ta janye ba.

Barista ta dube ta, ta dubi Umma, ta waiwaya hagu da dama. Sai ta rufe ƙofar motar da ƙarfi.

"Ka ga, yau mu uku ne, duka mata. Duk ranar da ka zo ofis ɗina, ko babanka yana nan, ko yayanka yana nan. In na tambaya sai ka ce tsoro ne. Ni ban yarda ba. Mace da take aikin asibiti, take wanke gawa, take tsayawa a kan jini, ita ce za ta ji tsoron alƙali? Ka yi auren nan?"

"Wallahi ban yi ba."

"To me ya hana ka rantse?"

Barista ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Mashkura, yaronka ne fa za a saka a jirgi."

Umma ma ta juyo. Ita ba ta je ƙaramar kotu ba ranar, Malam ya ce ba wurin mata manya ba ne. Tun daga lokacin take son jin amsar nan, amma duk ta tambaya sai kuka.

"Ki faɗa mana, uwata. Ko auren ne kika yi, ni na haife ki, zan rufa miki asiri."

Mashkura ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da suka matso.

"Ba na salla ranar."

Umma ta saki carbi ya faɗi kan kwalta.

"Me kika ce?"

"Ba na salla, Umma. Da asubar ranar abin ya zo min."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Barista ta dafe kai. "Kana nufin al'ada? Al'ada kawai?"

Hawaye suka ɓalle wa Mashkura.

"Ban san za a ce in rantse ba. Kawai na ga an kawo buta, an kawo Alƙur'ani a nannaɗe, an ce in je in yi alwala in zo in dafa. Baba yana zaune a dama. Surukina yana zaune a hagu. Yaya yana bayana. Kotu cike da maza, ko mace ɗaya babu a ma'aikatan da zan raɗa wa a kunne. Ta yaya zan taɓa Littafin Allah ba tsarki? Ta yaya kuma zan buɗe baki a gaban Baba da uban mijina in ce ga halin da nake ciki? Na yi ta motsa baki, wallahi maganar ta ƙi fita. Na ɗauka za a ɗaga zaman. Kafin in ankara an ce na ƙi."

Umma ta daki ƙirjinta.

"Ke wace irin yarinya ce? Kalma ɗaya! Kalma ɗaya ta gagare ki kika bari aka ɗauke miki ɗiya?"

Mashkura ta ɗago jajayen idanunta. Tun da take ba ta taɓa mayar wa uwarta magana ba sai yau.

"Umma wa ya koya min?"

"Ni kike tambaya?"

"Wa yake tashina sahur da azumi alhali ba na yi, don kada Baba da su Yaya su gane? Wa ya sa nake shimfiɗa sallaya in zauna a kai a ɗaki in an shigo a ɗauka na idar? Ranar da na fara, ba ke kika ce min ko mutuwa zan yi kada namiji ya ji wannan daga bakina ba? To ga shi Umma, ban bari sun ji ba."

Umma ta durƙusa a wurin kamar za ta ɗauki carbinta, sai kawai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Ni kaina da nake rubuta muku sai da na ajiye waya na share ido. Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka raine mu duka. Amma wallahi wadda za ta raba uwa da ɗiyarta ba na sonta, ku yi min duk fassarar da za ku yi.

Mashkura ta kama hannun Barista.

"Mu koma ciki. Zan faɗa masa. Wallahi yanzu ko a lasifika zan faɗa."

"Ya gama, Mashkura. Ya yanke, ya tashi. Ba ya komawa kan abin da ya yanke."

"To da na faɗa miki tun farko fa?"



"Da na saka a ciki, da na yi faɗa da shi iya ƙarfina. Amma gaskiya, zai iya cewa wancan alƙalin bai sani ba. Ba a kama alƙali da laifin abin da ba a gaya masa ba. Wurin faɗan wannan magana shi ne ranar, a gaban buta ɗin. Da an ɗaga zaman sati ɗaya, ka dawo ka rantse, ka tafi gida da yaronka."

Sati ɗaya.

Mashkura ta saki hannunta a hankali. Ta gyara mayafi, ta goge fuska da gefensa.

"Umma tashi mu je."

"Ina?"

"Maitama."

Barista ta tare ta. "Kada ka je. Duk abin da ka faɗa a can lauyansu zai ji. Ka bari in shigar da takarda gobe."

"Ki shigar, Allah Ya saka miki. Ni kotu ta gama da ni. Saura wanda ya rantse."

🥀🥀🥀

Mai gadin gidan Alhaji ya san ta sarai, shi yake buɗe mata ƙofa lokacin da take matar ɗan gida. Yau ta ƙaramar taga ya leƙo.

"Madam ki yi haƙuri, oga ya ce…"

"Na san abin da ya ce. Ka je ka gaya masa ina nan, kuma ba inda za ni."

Ta nemi gefen kwalbati ta zauna, Umma ta tsaya a kanta. Manyan motoci suna wucewa, masu ciki suna kallonsu ta gilashi. Can sai ga mai gadi ya zare sakata.

Alhaji Uthman yana falonsa na ƙasa, cikin farar jallabiya, ƙafarsa ɗaya a kan matashi saboda ciwon suga. Tun rasuwar Aminullahi ya zube, wuyan rigar har ya yi masa yawa. Ya amsa gaisuwar Umma da mutunci, ya nuna mata kujera. Mashkura kuwa ta zube a kan kafet nesa da shi, inda ta saba zama.

"Baba ina wuni."

"Lafiya. Lauyana ya kira ni, na ji yadda aka yi. In roƙo kika zo, Mashkura, kin makara."

"Ba maganar kotu na zo da ita ba, Baba."

"To me ya rage tsakanina da ke?"

"Ban yi aure ba."

Ya yi wani murmushi mai ciwo.

"Har yanzu?"

"Wallahi Baba ban yi ba. Goro da alawar da Ɗangoggo ya gani ana rabawa a ƙofar gidanmu na sunan maƙwabta ne. Tun da Allah Ya karɓi ran ɗanka ko zance ban taɓa tsayawa da wani ba."

Alhaji ya sauke ƙafarsa daga kan matashi.

"Yanzu kike wallahi? A falona? Ina wallahin take ranar da aka ajiye miki Littafin Allah a gabanki?"

"Baba…"

"Ki bari in gama! Kin ɗauka daɗi na ji da na kai matar ɗana kotu? Ni fa ban gama yarda da maganar Ɗangoggo ba. Direba ne, yana iya gani ba daidai ba. Yara suka matsa min, suka ce jinin Aminullahi zai tashi a gidan wani ƙato. Na shiga kotun nan ina roƙon Allah a zuciyata ki ɗora hannu ki rantse, in ji kunya, in ba ki haƙuri, in dawo gida. Na zuba miki ido. Alƙali ya tambaye ki, ya sake tambayarki. Kika sunkuyar da kai kamar wadda aka kama."

Ya nuna ta da yatsa.

"Shirunki ne ya sa na rantse, ba maganar direba ba. Na ce yarinyar da na sani mai tsoron Allah, in da gaskiyarta ba abin da zai hana ta. Ke kika tabbatar min."

Umma ta dubi 'yarta. Mashkura ta dubi kafet. Zufa ta jiƙa mata baya duk da sanyin falon.

Wai don Allah yau ma shiru za ta yi?

Ta runtse ido.

"Baba ba ni da tsarki ranar."

"Me?"

"Ina cikin al'ada. Ba na salla. Ba zan iya dafa Alƙur'ani ba, kuma na kasa faɗa a gabanka da gaban mahaifina. Shi ke nan abin da ya faru. Ba wani aure, ba komai."

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ruf.



Alhaji ya kafe ta da ido, bakinsa a buɗe. Dattijo ne mai 'ya'ya mata, ya zauna da mace shekara arba'in kafin ta rasu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san irin gidan da ta fito. Ya san ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ko abinci ba ta taɓa ci a gabansa ba.

"Ki ce wallahi."

"Wallahi tallahi, Baba. Yau ina da tsarki. A kawo Alƙur'ani yanzu in dafa."

"La'ilaha illallahu."

Ya kai hannu zai ɗauki kofin ruwa, kofin ya kuɓuce ya zube a kan jallabiyarsa. Bai ko duba ba.

"Mashkura kin san abin da kika sa na yi? Da girmana, da furfurata, na yi alwala na ɗaga Littafin Allah na rantse a kan abin da bai faru ba?"

"Ka yafe min, Baba."

"In yafe miki? Ni wa zai yafe min? Ƙafata ɗaya tana kabari! Me zan ce wa Ubangijina? Me zan ce wa Aminullahi?"

Sai ga hawaye a fuskar Alhaji Uthman, mutumin da ko ranar jana'izar ɗansa ba a ga hawayensa ba.

Mashkura ta matso da gwiwoyinta.

"Baba ban zo don in tozarta ka ba. Ba sai kowa ya ji ba. Kotu ta ce ba ta da ikon gyarawa, amma kai kana da shi. Kai aka ba wa ita. Ka bar min ita ko a nan gidan ne, in zo in zama mai yi muku wanke-wanke, in dai zan riƙa ganinta. Kada ka bari a kai ta inda ba zan iya zuwa ba. Ita kaɗai gare ni."

Umma ma ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Alhaji ka dubi Allah. Laifin nawa ne, ni na yi mata wannan tarbiyyar."

"Tashi Hajiya, don Allah tashi, kada ki ƙara min nauyi."

Ya share fuska da hannun riga. Ya jima yana kallon ƙasa, leɓɓansa suna motsi da istigfari. Sannan ya ɗaga murya ya kira autarsa, ƙanwar marigayi, wadda take kula da Hafsah tun da aka kawo ta gidan.

"Rukayyat!"

Shiru.

"Rukayyat! Sauko min da Hafsah. Ki haɗo mata kayanta, uwarta ta zo."

Wayyo Allah. Mashkura ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ta goge fuska da sauri don kada yarinya ta gan ta da hawaye, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta zuba wa matattakalar bene ido. Umma sai hamdala take jerawa.

Aka ji takun sauka a hankali.

Takun mutum ɗaya.

Rukayyat ta tsaya a tsakiyar bene, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Idanunta sun kumbura, da gani ta daɗe tana kuka.

"Ina yarinyar?" in ji Alhaji.

"Baba…"

"Barci take? Ki taso ta."

"Baba ba ta nan."

"Kamar yaya ba ta nan? Ina ta je?"

"Yaya Fu'ad ya fita da ita tun da safe, lokacin da ka koma ka kwanta."

"Ya kai ta ina? Yawo?"

Rukayyat ta girgiza kai, ta kasa kallon kowa.

"Ya ce idan kotun yau ta juya za a zo a ƙwace ta. Shi ne ya canja tikiti. Ya ce kada in gaya maka sai sun sauka."

Alhaji ya lalubo wayarsa, ya danna lambar Fu'ad ya sa a kunne. Ya sauke, ya sake dannawa. Ya sake.

A kashe.

Mashkura ba ta yi ihu ba. Ta taka zuwa gindin bene kamar mai tafiya cikin barci, ta ɗaga kai ta dubi Rukayyat.

"Ta yi kuka?"

"Anti don Allah…"

"Rukayyat ki gaya min. Ta neme ni?"

Rukayyat ta sulale ta zauna a kan matattakala, ta toshe baki da hannu.

"Ta ƙi shiga mota, Anti. Ta riƙe ƙofa tana cewa ita Mamanta take so. Sai da na ce mata kina can filin jirgi kina jiranta, sannan ta shiga da gudu."